Mazan Jiya na Ƙasar Dakoro: Wa Ya Riƙe Sunayensu?

Ranar 15 ga Oktoban 2024 hukumomin birnin Yamai suka sauya wa wasu tituna da dandali sunaye. Titin da aka daɗe ana kira Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Akwai kuma ginin tunawa da aka kafa domin waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Shi ma aka raɗa masa sabon suna da Zabarmanci, Bubandey Batama, aka ce daga ranar ya zama na dukan 'yan ƙasa, soja da farar hula, da suka rasa rayukansu tun zamanin mulkin mallaka har zuwa yau.

Niyyar mai kyau ce. Sai dai daga Dakoro zuwa Yamai tafiyar yini ce cur a mota, kuma gini ba ya kiran sunan kowa. Tambayar da ta dame ni ƙarama ce, ta gida: su wane ne 'ya'yan Kornaka, da Birnin Lalle, da Sabon Mashi, da Ɗan Gulbi, da Ajekoriya, da rugage da zangunan kwarin Tarka, waɗanda aka tafi da su yaƙi ba su dawo ba? Ka tsayar da ɗan lakwal a Dakoro ka tambaye shi, zai iya kawo maka shekarar da aka fara yaƙin duniya da shekarar da aka gama. Da wuya ya kawo maka sunan mutum ɗaya daga ƙauyensu da ya je.

Ƙasar da ta san yaƙi tun kafin Nasara

Garin Dakoro kansa ba tsoho ba ne. A ƙarshen shekarun 1940 Faransawa suka mai da shi mazaunin hukuma. Amma ƙasar da yake zaune a kai ta tsufa da ƙarar tambari. Birnin Lalle, da ke cikin gundumar, ya taɓa zama babban birnin Gobir bayan Gobirawa sun baro Abzin, kafin sarautar ta gangara kudu ta kai Alƙalawa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. A 1836 aka yi gumurzun Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa; Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duka suka kwanta dama a ranar. Daga tokar wannan rana ce sabon Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibirin Gobir.

Wannan tarihin bai ɓace ba, domin yana da masu riƙonsa. Makaɗan fada da maroƙa sun adana Bawa Jan Gwarzo, sun adana Ɗan Baskore na Maraɗi da Ƙaura Hasau, kowa da kirarinsa da takensa. To amma kirari na mai doki ne. Ɗan baka da ya bar gonarsa ya rataya kwari, da dakaren da ya tare mashi da garkuwar fata, da matar da aka kora gaba aka kai kasuwa bayan an ci garinsu, ba wanda ya yi musu take. Tun a nan aka fara rabon da har yau ba mu warware ba: manya suna samun suna, talakawa suna samun lissafi.

Shekarar 1899

Sai ga ayarin Voulet da Chanoine. Hafsoshin Faransa ne biyu da aka tura daga bakin kogin Kwara su kai tafkin Chadi, suka mai da tafiyar ta zama ta ƙone-ƙone da yankan rago. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A watan Mayu suka ragargaza Birnin Ƙonni. Suka ratso ƙasar Gobir da ta Katsinan Maraɗi suka nufi Tasawa, suna barin rijiyoyi cike da gawa da rumbuna a ƙone. Koran Kalgo na cikin garuruwan da har yau jikokinsu ke ba da labarin. Da labari ya kai Faris aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin nasu suka juya musu baya suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na nan a Maijirgi, a kan hanyar Damagaram, kowa ya san wurin.

A duba wannan da kyau. Waɗanda suka yi ɓarnar an san sunayensu, da ranar mutuwarsu, da inda suke kwance. Waɗanda aka yi wa ɓarnar, har adadinsu gardama ake yi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wanda masu jawabin biki ba su cika son taɓawa ba. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Hannuwan da suka ɗana bindiga suka cinna wuta na 'yan Afirka ne, ɗaruruwan sojoji da aka kwaso galibi daga ƙasar da yau ake kira Mali, tare da 'yan dako da aka ɗaure a wuya. Su ne kuma daga baya suka ga abin ya ishe su suka kashe shugabanninsu. Duk wanda zai yi maganar sojan zamanin Nasara da gaskiya, dole ya riƙe waɗannan fuskoki biyu tare: an zalunce shi, an kuma yi zalunci da hannunsa.

Yadda ake ɗaukar soja

Rundunar da ake kira tirayar, Gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal a 1857, sunan Senegal kuwa ya bi ta har ƙarshe duk da cewa akasarin mutanenta daga wasu ƙasashe suke. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an ɗebi mutum kusan 200,000 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Rabon Nijar bai kai na ƙasashen Mali da Burkina Faso na yau ba, amma yaƙin ya same ta a kan gwiwa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba ta gama sakin mutane ba. Sannan a Disamban 1916 jagoran Buzaye Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har sai da wata runduna ta taso daga Damagaram ta fasa ƙawanyar a watan Maris na 1917. Wannan rundunar ba da iska ta yi tafiya ba. Raƙuma da gero da masu ja, daga hannun talakawan kudu da makiyaya aka ƙwato su. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta kwashe Abzin, aka kashe malamai a Agadas, jama'a da yawa suka watsu zuwa kudu. Duk mai neman asalin wasu zangunan da ke tsakanin Damargu da Tarka zai ci karo da waɗannan shekaru.

Daga 1919 ɗaukar soja ta zama doka ta kowace shekara, aikin kuwa shekara uku ne. Tsarin a sauƙaƙe yake, shi ya sa ya yi ciwo. Gwamna ya yanka wa kowane kumandan adadinsa. Kumandan ya raba wa sarakunan kanto. Sarki ya aika wa masu gari. Ranar da aka sa, a tara samari a fili, likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafa, a jefa ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya sa kaki. Waɗanda aka ga lafiyarsu lau amma ba a ɗauka ba, ana iya tura su aikin tilas na hanya da gini, abin da bai ƙare a doka ba sai a Afrilun 1946.

Wa mai gari zai miƙa? Ba ɗansa ba, ba ɗan limami ba, ba ɗan mai dukiya ba. Maraya, da bara, da ɗan baiwa, da baƙon da ba shi da dangi a gari, da wanda ubansa ya kasa biyan haraji: a kansu ƙuri'a ta fi faɗawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa sunayen suka ɓace da wuri. Wanda aka tura domin ba shi da mai tsaya masa, in ya mutu a Turai ma ba shi da mai kiran sunansa. A ɓangaren makiyaya kuwa, Buzaye da Fulani, hanyar daban ce: an fi ɗaukar su a matsayin gumiye da ja-gaba, masu raƙuma da suka san rijiyoyi, aikin da takardunsa suka fi na tirayar ƙaranci.

Mafita ɗaya ita ce iyaka. Da an ji labarin masu ɗaukar soja sun taso, samari kan sulale da dare su yi kudu, zuwa Katsina, Daura, Kano ko Sakkwato, wani lokaci gari guda ya tashi. Wasunsu can ma kakin suka tarar, na Ingilishi, inda Hausa ce harshen bariki. Lokacin Yaƙin Hitila, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Bama, shi ya sa har yau a ƙasar Hausa in an ce 'yan Bama an san su wa ake nufi. Tsakanin 1940 da ƙarshen 1942 ma abin ya zama na ban tausayi: hukumar Nijar na biyayya ga gwamnatin Vichy da ta miƙa wuya ga Jamus, Najeriya kuwa na hannun Ingila mai yaƙar Jamus. Ɗan wa da ɗan ƙane, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Katsina, suka wayi gari a sansanoni biyu masu harar juna, a kan rigimar da ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu.

Ladan da aka biya su

A watan Yunin 1940, da Faransa ta faɗi, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni sun harbe su a wurare da dama. Maƙabartar Chasselay kusa da Lyon shaida ce. Waɗanda suka tsira suka shafe shekaru a sansanonin fursuna cikin Faransa. Wasu 'yan Afirkan kuma suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence ranar 15 ga Agustan 1944 domin ƙwato ƙasar. Da sanyi ya gabato, nasara ta fara ƙamshi, sai aka janye su daga fagen daga aka miƙa kayansu ga Turawa.

Ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, tsoffin fursunonin yaƙi da aka dawo da su suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Aka buɗe musu wuta. Hukumar soja ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamban 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Waɗanda suka iso gida da rai kuwa, wata dokar Faransa ta Disamban 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan abin da yake a lokacin samun 'yancin kai. Abokin yaƙinsu Bafaranshe kuɗinsa na ƙaruwa kowace shekara, nasu na tsaye, har tazarar ta zama ninki ba ninki. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. A Nuwamban 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ce an nuna wariya, shi kansa kuwa ya riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga Janairun 2011. A lissafa: wanda yake da shekara 20 a 1944, a 2011 yana da 87. Nawa ne suka kai?

Sojan ƙasa, da lissafin yau

Ranar 1 ga Agustan 1961 aka kafa rundunar sojan Nijar, da mutanen da suka fito daga kakin Faransa. Seyni Kountché, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, na cikinsu. Ya yi aiki a Indocin da Aljeriya, wato a yaƙe-yaƙen da Faransa ta yi da al'ummomin da su ma 'yancinsu suke nema. Tun daga nan sojan Nijar ya je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha, ya je Laberiya, da Kodebuwa, da Mali. A cikin gida an yi tawayen arewa na shekarun 1990, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 ta rufe babinsa na farko. Ina ganin hikima a yadda aka mai da wannan rana ta zama ranar haɗin kan ƙasa: sulhun ake tunawa, ba wanda ya kayar da wani ba. A gunduma irin Dakoro, inda Bahaushe da Bafulatani da Buzu ke shan rijiya ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wancan yaƙin an yi makoki a ɓangarorin biyu.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da nasu nauyin. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa. Ranar 25 ga Afrilun shekarar, a tsibirin Karamga na tafkin Chadi, soja 46 suka faɗi. A Yunin 2016 aka sake auka wa Bosso. Ranar 10 ga Disamban 2019, a Inates, 71. Aka yi zaman makokin kwana uku, aka binne su a sansanin sojan sama na Yamai. Wata ɗaya bayan nan, 9 ga Janairun 2020, a Cinagodar, 89. A kudancin jihar Maraɗi ma, wajejen Madarunfa da Gidan Runji, jami'an tsaro na fafatawa da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a ƙarƙashin shirin Farautar Bushiya.

46, 71, 89. Haka muke jin su a rediyo, haka muke riƙe su. A tuna da Tongo Tongo, 4 ga Oktoban 2017: sojojin Amurka huɗu da suka mutu, duniya ta ga hotunansu, ta san iyayensu da matansu, majalisar ƙasarsu ta yi bincike, an yi fina-finai a kansu. 'Yan Nijar da suka faɗi a rana ɗaya, a fili ɗaya, mu nawa ne za mu iya kiran sunan ko da ɗayansu? Ban ga laifin Amurkawa ba a nan. Sun yi wa nasu abin da ya kamata.

Kuma samarin da ke cika bariki yau ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, daga garuruwa irin namu, da yawansu su ne ke aiko da kuɗin taki da na buhun gero a lokacin bazara. In ɗaya ya faɗi a Tilaberi ko Diffa, sau da yawa gawar ba ta zuwa gida. Waya ce ke zuwa. A yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, matar ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, sannan a fara doguwar hanyar takarda tsakanin ƙauye da Maraɗi da Yamai, wadda tsohuwar da ba ta jin Faransanci ba ta san farkonta ba.

Tunawa irin tamu

Wani zai ce mu ba mutanen mutum-mutumi da furanni ba ne, kuma gaskiyarsa. Addini bai yarda da gina kabari ba. Al'ada ta koya wa uwa kawaici a kan ɗan farinta, ta koya wa mace kada ta kama sunan mijinta. Tawakkali ya hana mu yawan maimaita rashi. Hanyarmu ta tunawa ita ce addu'a, da sadaka, da mayar da sunan mamaci ga jariri. Hanya ce mai daraja, ba na neman a musanya ta da ta kowa. Amma tana da iyaka: jika ya san sunan wa aka ba shi, tattaɓa-kunne sai dai ya ji ana cewa wani kakansu ya je yaƙin Nasara, bai san wane yaƙi ba, bai san wace ƙasa ba.

Rubuta suna bai saɓa wa addini ba, bai saɓa wa kunya ba. Malamanmu sun daɗe suna rubuta salsalar malamansu da jerin sarakuna da ajami. Abin da ake bukata kundi ne a kowace ma'aikatar magajin gari ta gundumar, da kwafinsa a fadar sarkin kanto: sunan mutum, sunan uba, gari ko ruga, shekarar da aka ɗauke shi, inda ya je, ya dawo ko bai dawo ba. A sa tirayar, a sa ɗan Bama da ya ƙetara ya dawo, a sa gumiye, a sa wanda ya mutu a aikin tilas, a sa soja da jandarma da ɗan garda na yau, a sa farar hular da yaƙi ya ci. Kundin nan ba na tarihi kaɗai ba ne. Gari da ya san marayun sojansa da suna zai fi jin kunyar barinsu ba makaranta, kuma mai rabon zakka ko taimako zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ba daga sifili za a fara ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai ajiyar muryoyi da rubuce-rubucen ajami. Masana irin su Djibo Hamani da André Salifou sun share fagen tarihin Abzin da Adar da Damagaram. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na nan Maraɗi da ɗalibai masu neman abin bincike, kowannensu kuwa da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Gidajen rediyon karkara na iya yin shela da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a ce duk mai tsohuwar takardar soja ko lambar girma a cikin adaka ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa.

Waɗannan takardun su ne mabuɗi. Fayilolin sojojin Afirka na zamanin mallaka suna ajiye a cibiyar adana takardun soja da ke garin Pau a Faransa, sunayen da yawa daga waɗanda suka mutu a yaƙin duniya kuma an ɗora su a shafin intanet na ma'aikatar tsaron ƙasar mai suna Mémoire des hommes. Matsalar ita ce akawun da ya rubuta sunan da kunnen Bafaranshe ya ji shi, sau da yawa kuma sunan babban gari ya sa a madadin ƙauye, don haka neman wani Abdu ko Mamman da suna kawai wahala ce. Littafin soja da ke gida shi ne ke ɗauke da lambar mutum da shekarar ɗaukarsa, da su ake gano fayil. Gara da ruwan damina kuwa ba sa jira. Haka ma masu ba da labari da bakinsu: wanda ya je Indocin yana ɗan shekara 20 a 1954, yau ya haura 90, ƙannensa mata da suka raka shi bakin gari ranar tafiya su ma sun kusa haka.